Yadda za ka zaɓi monita ka shirya ɗakin haɗa sauti a gidan haya a Kumasi

Waƙar farko da aka biya ni na haɗa, a wurin bikin aure na fara jin ta a waje, a wani layi na Aboabo inda aka kafa rumfuna aka jera manyan sifiku a bakin titi. A ɗakina waƙar nan ta zauna daram. Da mai kiɗan ya sake ta kuwa, sai bes, wato sauti mai kauri na ƙasa, ya taso ya danne komai. Muryar mawaƙin ta koma kamar daga cikin rijiya, sunan amarya ma da aka nemi a ambata ba wanda ya ji shi da kyau. Na koma gida raina a ɓace, na ɗora wa sifikuna laifi, har na fara tara kuɗin sayen manya.

Wani dattijo da ya daɗe yana aikin sauti ne ya fitar da ni. Da ya shigo ɗakin bai ko kalli sifikun ba. Ya sa na kunna sauti mai kauri guda ɗaya tak, ya ce in tashi in taka a hankali daga kujerata zuwa bango. A kan kujera da kyar nake jin sa. Taku uku kacal, ina isa jikin bango, sai na ji shi har cikin ƙirjina. Ya ce, "Ɗana, ɗakinka ne ke yi maka ƙarya. Inda kake zama bes ba ya zuwa, shi ya sa kake ta ƙara shi." Na ce, "Baba, to me zan saya?" Ya ce, "Tef ɗin awo tukuna."

Tun daga ranar nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa abin da kunnensa ke ji ba daga sifika kaɗai yake fitowa ba, bango da silin da ƙasa duk suna sa baki. Don haka idan ka tara kuɗinka, ware aƙalla kashi ɗaya cikin uku domin ɗakin. Ƙaramar monita, wato sifikar da ake haɗa sauti da ita, a ɗakin da aka shirya ta fi babba a tsirarar ɗakin siminti, kuma nesa ba kusa ba.

Fara da awon ɗaki

Kafin ka taka shagunan Adum ko ka fara duba tallan kaya a waya, auna ɗakin: tsawo, faɗi, da tsayi daga ƙasa zuwa silin. Rubuta su a takarda.

Dalili kuwa shi ne sauti mai kauri dogon zango gare shi. Sautin 50 Hz, wato mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, zangonsa ya kusa mita 7, ya fi ɗakin da kake ciki tsawo. Yana fita daga sifika sai ya bugi bango ya dawo ya ci karo da wanda ke tahowa. A wani wuri su haɗa ƙarfi su ninka, a wani wuri su kashe juna. Bangon bulo da siminti irin namu kuwa ba ya shan komai, duk abin da ka jefa masa sai ya mayar maka.

Akwai lissafi mai sauƙi da zai nuna maka sautukan da ɗakinka zai yi wa haka. Raba 565 da kowane awo a ƙafa. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12, faɗi 10, tsayi 9 zai ba ka kusan 47, 56 da 63 Hz, sannan ninkinsu, wajen 94, 113 da 126. Duk mai haɗa kiɗan asakaa ko afrobit ya san nan ne gidan 808 da kik, wato dogon bes mai gurnani da bugun babbar ganga. Tsirkiya mafi kauri ta gitar bes mai tsirkiya huɗu ma a 41 Hz take. Wato daidai inda waƙarka ke ɗaukar nauyinta, nan ɗakin ya fi ruɗin kunne.

Abu biyu za ka riƙe daga wannan. Na farko, tsakiyar ɗaki cak ita ce wurin da bes mafi kauri ke ɓacewa, jikin bango da kusurwoyi kuma nan yake taruwa. Na biyu, ɗaki mai tsawo da faɗi ɗaya, irin 12 da 12 ɗin nan da suka cika gidajen haya, shi ya fi wuyar sha'ani, domin matsalar tsawo da ta faɗi suna haɗuwa a kan sauti guda. Idan kana da zaɓi tsakanin ɗakuna biyu, ɗauki wanda tsawonsa ya bambanta da faɗinsa ko da ya fi ƙanƙanta. Idan ba ka da zaɓi, ba komai, sai dai ka san za ka ƙara kayan kusurwa kuma za ka dogara da hedifon wajen yanke hukunci a kan bes.

Sai ka tsaya a tsakiya ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji wani siririn ƙara ya biyo baya yana karkarwa, bangaye biyu ne masu fuskantar juna ke jifan juna da sauti. Wannan mai sauƙin magani ne, za mu zo kansa.

Zaɓen monita

Sifikar falo da ta biki an ƙera su ne su yi wa waƙa kwalliya, su kumbura bes su ƙara ƙyalli a sama. Aikin monita shi ne ta nuna maka waƙar yadda take, da aibinta. Kada ka yi mamaki idan ranar farko ka ji ba ta yi maka daɗi ba. Yamaha NS-10 mai farin baki, wadda ta fito a 1978, ba don daɗin sauti ta mamaye manyan situdiyo na duniya ba. Masu aiki sun lura cewa waƙar da ta zauna a kanta takan zauna a wasu wurare.

Nemi wadda amfilifayarta ke cikinta, ka huta da neman wata na'ura daban. Kusan duk waɗanda ake sayar wa masu ɗakin gida yanzu haka suke.

Girma shi ne inda mutane suka fi faɗawa rami, domin ido yana son babba. Ga ɗakin da bai wuce ƙafa 12 ba, wufa (babbar sifikar da ke fitar da bes a jikin monita) mai inci 5 ta isa, mai inci 6 da rabi ma ba laifi. Mai inci 8 za ta zuba wa ɗakin bes ɗin da ba zai iya ɗauka ba. A takardar kamfani Yamaha HS5 tana sauka zuwa 54 Hz, HS8 kuma zuwa 38 Hz, kuma wannan ƙarin daidai yake da wurin da ɗakinka ya fi rikici. Gaskiya ne mai inci 5 ba za ta nuna maka can ƙasan 808 ba. Wannan giɓin da hedifon mai kyau za ka cike shi, kamar Audio-Technica ATH-M50x ko Sony MDR-7506, tare da na'urar nuna zanen sauti da ke cikin manhajarka. Sabwufa kuma, sifikar da bes kaɗai take fitarwa, ka bar ta tukuna. Sai ɗaki ya gyaru ake maganarta.

Juya monitar ka dubi inda ramin iskarta yake. KRK Rokit 5, Kali LP-6 da PreSonus Eris E5 a gaba nasu yake. Yamaha HS5, JBL 305P MkII da Adam T5V a baya. Wasu na cewa mai rami a baya ba ta dace da ƙaramin ɗaki ba, ni ban yarda ba. Bar mata tazarar tafin hannu ɗaya ko fiye daga bango, ta wadatu. Abin da ya fi ramin muhimmanci shi ne maɓallan rage bes da ke bayanta. A HS5 an rubuta masa Room Control, yana rage ƙarfin sauti da desibel 2 ko 4 daga 500 Hz zuwa ƙasa. A JBL sunansa Boundary EQ. Kali kuma ƙananan maɓallai ne a jere, da zanen yadda za ka saita su a jikin sifikar. Tunda kusa da bango za ka ajiye ta, za ka bukace su.

A kunnena, HS5 tana fito da tsakiya fili, don haka tana da kyau ga mai aikin murya: waƙar yabo, wa'azi, tallan rediyo, hailaif mai gita da ƙaho. Mai aikin asakaa zai fi samun natsuwa da Kali ko JBL. Amma wannan kunnena ne. Zuwa da kai ya fi saƙo: ɗauki waƙoƙi uku da ka haddace kamar sunanka, ka je shago ka sa a kunna maka su a kan kowace, da ƙarfi ɗaya. Wadda aka fi ƙure wa murya kullum ita za ta yi kamar ta fi kyau, don haka ka kula da wannan. Ka kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa na guda ɗaya ne ko na biyu, domin yawanci ɗai-ɗai ake sayar da su.

Idan ta hannu za ka saya, irin hom-yus ɗin da ake saukewa daga waje, fara da karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wutarmu a Gana 230V ce. Wasu monitocin an rubuta musu 100 zuwa 240V, waɗannan ba ruwansu. Wasu kuwa da aka yi domin kasuwar Amurka, har da HS na can, 120V kawai suke ɗauka, kana sa su a soket ɗinmu ba taransifoma sun ƙone. Bayan wannan, dubi ƙaramar sifikar sama ko ta lotsa. Kunna ba tare da waƙa ba ka kara kunne: ɗan shuu kaɗan ba laifi, amma gurnani ko tartsatsi alamar ciwo ce. Sa sautin da ke tashi a hankali daga ƙasa zuwa sama ka ji ko wani wuri zai yi kaɗe-kaɗe. Ka bar su suna aiki kamar rabin awa kafin ka miƙa kuɗi, domin wata cutar sai na'ura ta yi zafi take fitowa. Kuma su zama tagwaye, iri ɗaya zubi ɗaya.

Wuta da wayoyi

Wanda ya zauna a garin nan ya san dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya kuma san ba ɗaukewar wuta ce ke kashe kaya ba, dawowarta ce. Sayi sitabilaiza mai jinkirta sakin wuta na ɗan lokaci bayan ta dawo, kwamfuta kuma ka haɗa ta da UPS, na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, don kada aikin awa uku ya tafi a banza. Kwamfuta, sawun-kad (akwatin da ke kai sauti daga kwamfuta zuwa monita) da monitoci duka su sha daga layin soket ɗaya.

Daga sawun-kad zuwa monita, yi amfani da kebul mai kai XLR ko TRS, wato jak mai zobe biyu, ba na gita mai zobe ɗaya ba. Idan duk da haka kana jin gurnani mara yankewa, mai yiwuwa soket ɗin ba shi da wayar ƙasa. Na sha buɗe soket a gidajen haya na tarar da ramin sama ba a haɗa shi da komai ba. Kira mai gyaran wuta ya duba. Kada ka yarda da shawarar karya ƙafar fulogi ta uku, domin ita ke tsakaninka da jan wuta. Wajen kunnawa monita ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko.

Inda za ka ajiye su, da inda za ka zauna

Yawancin wannan matakin ko sidi ɗaya ba ya ci, amma ya fi duk sauran tasiri, don haka ka ba shi yini guda.

Fuskanci gajeren bango, yadda sifikun za su harba sauti ta tsawon ɗakin. Teburin ya zauna a tsakiyar wannan bango daidai, tazarar da ke hagunka ta zama daidai da ta damanka. Idan ka manne da kusurwa, gefe ɗaya zai fi nauyi, kai kuma za ka riƙa gyara karkatar da babu ita a waƙar.

Kanka ya kasance wajen kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗakin daga bangon gaba. A ɗaki mai ƙafa 12, wajen ƙafa 4 da rabi ke nan. Wurin farawa ne kawai, za ka iya matsawa gaba ko baya kaɗan, amma kada ka bari kujera ta kai ka tsakiya.

Yanzu ka yi murhu: sifika biyu da kanka, duwatsu uku masu tazara ɗaya. Idan tsakanin sifikun mita 1 ne, daga kowace zuwa kunnenka ma mita 1. Ka auna da tef, kada ka yi da ido. Juyo da kowace ta kalle ka, har ya zama idan ka waiga gare ta fuskarta kawai kake gani, ba ka ganin gefenta. Ƙaramar sifikar sama ta yi daidai da tsayin kunnenka kana zaune yadda ka saba zama wajen aiki. A tsaye za ka ajiye su, kada ka kwantar.

Sai maganar bangon da ke bayansu. Da yawa suna jawo sifika su bar ta kamar mita 1 daga bango, suna ganin sun kyauta. Bes yana fita ta kowane gefe, ya bugi bangon baya ya dawo ya kashe wani sauti a gabanka. Idan daga fuskar sifika zuwa bango mita 1 ne, ramin yana faɗawa wajen 86 Hz, tsakiyar kik ke nan. A ƙaramin ɗaki gara ka matsa da su kusa da bango, ka bar tazarar tafin hannun nan. Bes zai ƙaru gaba ɗaya, sai ka rage shi da maɓallin baya. Ƙari ana iya rage shi, rami kuwa ba a cike shi da maɓalli.

Kada ka ɗora su kai tsaye a kan tebur, domin katakon zai riƙa rawa tare da su. Mai walda a Suame Magazin zai yi maka ƙafafu biyu da bututun ƙarfe mai faɗi, da faranti sama da ƙasa. Ka ce ya bar ƙofar da za ka ɗura busasshen yashi. Kafin wannan ya samu, bulo da aka jera aka shimfiɗa masa roba mai kauri yana aiki sarai.

Gwajin ƙarshe: kunna murya ita kaɗai a mono, wato sauti iri ɗaya a sifikun biyu, ka rufe ido. Ya kamata ka ji ta tsaye a gabanka, tsakanin sifikun, kamar mutum na magana daga allon kwamfuta. Idan ta karkata, sake awo ka duba maɓallan ƙarfi na baya. Idan ta watse ba ka san inda take ba, duba wayoyinka. Da komai ya zauna, manna tef a ƙasa ka yi wa ƙafafun sifiku da na kujera alama.

Tufatar da ɗakin

Bari in fara da kiret ɗin ƙwai, tunda shi ne abin da kowa ke fara mannawa. Ba ya yin komai ga bes, ba ya hana sauti fita, ga tara ƙura da kyankyaso, ga saurin kama wuta. Siririn soso mai inci 1 shi ma sautukan sama kawai yake sha. Wanda ya lulluɓe ɗaki da shi zai samu ɗakin da ya mutu a sama amma yana gurnani a ƙasa, sai ya riƙa cika wa waƙa ƙyalli har ta riƙa soke kunne a waje. Kauri ne ke aiki.

Abin da kake buƙata shi ne allunan shan sauti masu kaurin inci 4. Je wurin kafinta, ko ka sayi katakon wawa a Sokoban ka kai masa, ya yi maka firam mai ƙafa 2 da ƙafa 4, zurfi inci 4. Wawa ba shi da nauyi, shi ya sa na fi son sa. Cikinsa za ka sa audugar dutse, wadda masu sayar da kayan rufi da na sanyaya gini ke kira rokwul. Nemi mai nauyin kilo 40 zuwa 60 a kowace mita kubik. Idan mai inci 2 ka samu, haɗa biyu. Sa safar hannu da takunkumi da riga mai dogon hannu, ka yi aikin a tsakar gida, domin tana sa ƙaiƙayi kuma ba a son shaƙar ƙurarta. Rufe gaba da baya da yadi. Wajen zaɓen yadi a Kejetia, kara shi a bakinka ka hura: idan iska ta wuce cikin sauƙi, sauti ma zai wuce. Akoko yana da kyau kuma ba tsada. Leda ko yadi mai santsin roba ba su da amfani a nan.

Wurin rataye su da madubi ake nemo shi. Zauna a kujerar aiki, ka sa ƙanenka ya manna madubi a bangon dama daidai tsayin kunnenka, ya riƙa jan sa a hankali. Duk inda ka hango fuskar sifika a ciki, ya yi alama da alli. Nan ne sauti ke fara bugawa ya dawo kunnenka, ya ɓata maka sanin inda kowane kayan kiɗa yake. Ku maimaita a hagu. Allo ɗaya kowane gefe, a kan alamar. Silin ma haka yake, tsakaninka da sifikun, sai dai ka ɗaure allon a jikin katakon da ke riƙe da silin, ba a jikin filawud ba. Idan ka bar tazarar inci 2 zuwa 4 tsakanin allo da bango, zai ƙara kama sautuka masu kauri kyauta. Da waɗannan sun hau, sake tafa hannu ka ji bambanci.

Kusurwoyi su ne ma'ajiyar bes. Gicciya allo a kowace kusurwa ta gaba, ya bar sarari mai kusurwa uku a bayansa, daga ƙasa zuwa sama idan hali ya yi. In kuɗi sun ƙaru, ka yi na baya, sannan bangon da ke bayanka, wanda ya fi son mai kauri sosai. Idan alluna shida kawai za ka iya, ga yadda zan raba: biyu a gefe, biyu a kusurwoyin gaba, ɗaya a silin, ɗaya a baya.

Mai gida ya hana buga ƙusa? Sa kafinta ya yi wa allunan ƙafa su tsaya da kansu. Ranar tashi ma ka kwashe abinka a aboboya, keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku.

Wanda bai da kuɗin rokwul kada ya zauna jira. Tsofaffin barguna da tawul na gwanjo, a cusa su cikin firam ba tare da an danne su sosai ba, sun fi bango tsirara. Katifa mai kauri a jingine a kusurwa tana taimakawa, haka kabad cike da tufafi a bayanka idan ka bar ƙofarsa a buɗe. Sai dai da damina ka riƙa dubawa, domin danshin Kumasi ba ya jin kunyar kaya. Ƙasan tayil kuma ka shimfiɗa masa kafet tsakaninka da sifikun.

Tagar luba, mai jerin falle-fallen gilashi, tana da nata hali. Akwai gilashi ɗaya a tagata da yake amsawa duk lokacin da bes ya taɓa wani sauti guda, na yi kwanaki ina neman ƙarar a cikin waƙa. Bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa yayin da bes ke tafiya, wanda ya yi shiru da ka taɓa shi ka cusa masa guntun roba a maƙalinsa. Sannan labule mai nauyi, mai ninki da yawa. Fankar silin ma tana yayyanka sauti, ka kashe ta na ɗan lokaci idan za ka yanke hukunci a kan murya.

Ƙarfin sauti da gwaji

Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa kunnen ɗan Adam ba ya jin bes daidai a kowane ƙarfi: ƙasa-ƙasa yana ɓuya, da an ƙure sai ya cika. Saboda haka ka tsayar da ƙarfi guda da za ka riƙa aiki a kai kullum. Kunna pink noise, sautin shuu na gwaji, a manhajarka har ma'aunin ƙarfinta ya nuna -20 dBFS, sifika ɗaya tak, ka riƙe waya mai manhajar awon sauti a inda kanka ke zama, ka murɗa har ta nuna tsakanin desibel 75 da 79. Yi wa ɗayar haka. Sa alama a maɓallin sawun-kad. Desibel 85 da ake yawan ambata na manyan ɗakuna ne, a ƙaramin ɗaki ya yi yawa. Ka kuma tuna ƙa'idar hukumar NIOSH ta Amurka: desibel 85 awa 8 ne iyakarsa a yini, kowane ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, 88 awa 4, 91 awa 2. Kunne shi ne jarinka, kuma wanda ya lalace ba ya dawowa.

Don ka san abin da ya rage a ɗakin, buɗe sauti tsantsa mara ado a FL Studio ko duk manhajar da kake amfani da ita, ka bi maɓallan bes ɗaya bayan ɗaya daga ƙasa. Rubuta waɗanda suka yi tsalle da waɗanda suka nutse. Matsa sifikun ko kujera da inci 4, ka sake. Mai son ganin abin a zane ya sauke Room EQ Wizard, kyauta ce, ya haɗa da makirfon awo irin miniDSP UMIK-1 ko Behringer ECM8000. Manhajar gyaran ɗaki kamar SoundID Reference ita ce ta ƙarshe a layi. Tana iya sassauta inda bes ya kumbura, amma inda ɗaki ya haɗiye shi sai dai ka motsa kaya.

Maƙwabta, da fitar da waƙa waje

Allunan nan ɗakin suke gyarawa, ba sa hana sauti fita. Bes yana bin bango ya shiga ɗakin maƙwabci ko da ka rufe kowace kafa. Wata Hajiya da muke bango ɗaya ta taɓa tare ni da safe ta ce, "Ɗana, jiya gangarka a ƙarƙashin matashina ta kwana." Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya, ba za a sake ba." Tun daga nan aikin monita da rana nake yi, bayan isha'i sai hedifon. Da an kira salla kuma nakan kashe komai. Na lura ma idan na dawo daga masallaci, kuskuren da na yi awa biyu ina nema shi ke fara tarbata, domin kunne ya huta.

Makonni biyu na farko kada ka yi gaggawar haɗa aikin kowa. Zauna ka saurari waƙoƙin da ka san an haɗa su da kyau, irin salon da kake yi, a kan alamar ƙarfin nan, har kunnenka ya san yadda bes mai kyau ke fita a wannan ɗaki. Idan ka fara aiki, ajiye ɗaya daga cikinsu a gefe ka riƙa komawa kanta, bayan ka daidaita ƙarfinta da na taka.

Da ka gama waƙa, fitar da ita. Saurare ta a sifikar waya, domin nan yawancin mutanen Zango za su fara jin ta, kuma waya ba ta fitar da ƙasan bes. Idan 808 ya ɓace gaba ɗaya, koma ka ɗan ƙona shi kaɗan ya samu sautukan sama da waya za ta iya nunawa. Saurare ta a ƙaramar sifikar Bluetooth, a mono. Roƙi direban pragya, keken haya mai ƙafa uku, da kuka saba ya sa ta daga Asawase zuwa Aboabo, ka ji ko murya na tsira daga ƙarar inji. Idan kana da aboki mai kayan kiɗan biki, je ka same shi lokacin da yake gwada kaya kafin mutane su taru, ka tsaya nesa kaɗan da sifikun.

Riƙe ƙaramin littafi ka rubuta abin da ka ji a kowane wuri. Idan aibi iri ɗaya ya fito a waƙoƙi uku a jere, misali bes kullum yana yawa a waje, to ɗakin ne har yanzu ke ɓoye maka shi. Koma kan alamomin tef ɗin da ke ƙasa, ja kujera gaba da inci 4, ka sake bin maɓallan bes daga farko.